Sufeto Ya Zo da Damina

Kazaure, 22 ga Agusta, 1977

Yaya Daudu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ma'u da yara. Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake. Ofishinku ya turo sufeto ya duba darasin dashen itatuwa da nake koyarwa a sakandarenmu. Ka san gawo ɗari biyun da ni da ɗalibaina muka raina tun bayan fari, muna jido musu ruwa da garwa. Bawan Allahn nan ya tsaya bakin fili yana kakkaɓe takalmi, ya ga ba ganye, ya rubuta duk sun mutu. Na ce masa gawo da damina yake zubar da ganye, sai kaka ya tofo. Ya ce, "Malam, takardata gida biyu gare ta, mai ganye da matacce." Yanzu an ce a sare a dasa itacen turare. Don Allah ka sa baki.

Ka huta lafiya. Ƙaninka,
Lauwali

Kano, 19 ga Satumba, 1977

Malam Lauwali,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso. Ni za a gaya wa halin gawo? Ni nake hawa in kaɗo wa shanun Baffa 'ya'yansa da rani a Roni. Sai dai dole in faɗa maka abin da ke cina. Rahoton makarantu arba'in aka dire mini, na sa hannu ban kai shafinku ba. Sau biyu ina shiga wurin maigidanmu. Ya saurare ni sarai, ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya gyaruwa sai dubawar baɗi. Ita ma a Agusta ake yi. Wallahi kunyarka nake ji, kuma ban san ƙofar da zan ƙara bugawa ba.

Allah ya ba ka haƙuri. Yayanka,
Daudu

Kazaure, 14 ga Nuwamba, 1977

Yaya,

Ina gaisuwa. An sare itatuwan ranar Asabar. Shugaban makaranta ya ce babu leburori, don haka yaran da suka shayar da su aka miƙa wa gatari. Hussaini, ɗaya daga cikinsu, ya tambaye ni me za su rubuta a jarrabawa game da gawo.

Guda uku sun tsira a bayan ɗakin girki, don sufeto bai zagaya can ba. Sun yi ganye shar. Don Allah kada ka gaya wa kowa a ofis.

Ka gaida Ma'u.
Lauwali