Sun Saki Yazid, Ni Na Kama

Lawwali, jikana Yazid ya dawo gida! Ƙungiyarsu ta ƙwallo ta sallame shi, ga shi nan a ɗakin da ke jikin nawa. Yi haƙuri, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Maijidda da yara, Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan sai godiya, an gama girbin dawa, 'yata Adama kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Ranar da labarin ya iso, gida ya cika da masu jaje. Ka san Zuru, kowane gida da sojansa. Maƙwabcina Philip, tsohon sajan nan, ya zo ya cire hula ya zauna kamar an yi rasuwa. Ya ce shi a saninsa wanda aka kora ba ya ƙara sa kaki har abada, ya tambaye ni a hankali laifin da yaron ya yi. 

Sai da Yazid ya iso ya warware mana. Ya ce sabon koci aka kawo, ya zo da yaransa. Kwantiraginsa kuwa bai ƙare ba, kuma ƙungiya ba ta da ikon watsar da ɗan wasa haka nan in bai yi laifi ba. Shi ne suka zauna da wakilinsa, suka daidaita kan abin da za a ba shi na sauran watannin, kowa ya sa hannu, suka ba shi takardar sallama. Na sa tabarau na bi ta yadda aka koya mana a ajin yamma, na gane sunansa da hatimi, sauran Turancin ya fassara mini. Yanzu ba shi da ubangida. Duk ƙungiyar da ta so shi za ta ɗauke shi ba tare da ta biya tsohuwar ko sisi ba. Philip ya mai da hularsa, ya ce ashe ƙwallo ta fi bariki tausayi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na ji kana kiransa safe da yamma, wai ya koma wurinka Ibadan, can ne ƙungiyoyi suke. Lawwali, ka ji tsoron Allah! Shekarun nan duka a gidanka yake kwana. Kai kake zama a filin wasa kana kallonsa, ni ina nan rungume da rediyo. Rigarsa ta farko kai ya ba. Ranar da aka yi hira da shi, na tara mutane a zaure, sai ga shi yana gode wa kakansa na Ibadan. Na yi dariya a gabansu, amma tuwon ranar bai wuce mini ba. Wa ya ɗaura masa ƙwallon tsumma tun bai iya ɗaura wando ba? Wa ya sha biyan tukwanen maƙwabta da ya fasa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko yanzu magana biyu, ta uku Baba Lawwali. Jiya har ya ce miyar Maijidda ta fi tamu yaji. Kai ƙanena ne, jikana jikanka ne, amma ka ci rabonka.

Na tambaye shi abin da zai hana shi zama. Ya ce wakilinsa zai iya kiransa ko'ina, matsalar ita ce jiki: ɗan wasan da ya zauna ya yi nauyi, ba mai ɗauka, kuma yana son filin da zai shiga duk lokacin da ya so. Sai na ba shi gonata ta hanyar Dabai. Na kira gayya, Philip ya kawo samarin cocinsu, muka tuge tushen kara, muka baje kunyoyi, muka kafa raga da itacen marke. Ubansa Muhammad Sani ya ce na haukace, da damina za a sha wahalar sake huɗa. Na ce gonata ce. Yazid ya zagaya ta da gudu, ya dawo ya durƙusa ya ce, zai zauna har a kira shi.

Na san za a kira shi, watakila ma kafin ruwa ya sauko. Don haka ka bar wayar nan. Asabar ta ƙarshen wata samarin ƙauyen Manga za su kara da namu a gonar, Yazid zai buga, ni kuma zan gan shi a fili yana wasa da idona karo na farko. Ka gaishe da Maijidda, da Rufaida da mijinta, da Usama. Ka kwaso su duka ku zo ku gani. Akwai wurin kwana, akwai tuwo, akwai benci. Amma kujerar gaba tawa ce, kai a bayana za ka zauna.

Yayanka,
Zakiyyu