Furen da na zana wa amarya

Alhamis da dare, Tambuwal

Yau na yi wa Asma'u, ɗiyar yayata, lallen aurenta. Ita ta turo mini hoton a waya: zanen Japanawa da ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, wata kyakkyawa ƙarƙashin itace mai fararen furanni. Ta ce, "Inna, irin waɗanga nika so." Na zana su har gwiwar hannu, kowa na yabawa.

Sai yanzu na karanta bayanin hoton. Wai furen bayan sanyi yake fitowa, kwana kaɗan ya zube, alamar abin da ba ya daɗewa. Astagfirullah, na san Allah ke riƙe aure. Gobe za a kai ta Kebbe, lallen kuwa ya riga ya kama.