Kwandon Da Bai Hau Jirgi Ba

Blacktown, Sydney
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Talita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mosese da yara duka, ya kuma sassauta muku sanyin Salt Lake, can Amurka, da aka ce bana ya yi tsanani. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan da sauƙi. Maigidana Semisi ya koma aikin safe a kamfanin nama, 'yarmu Lupe kuma ta shiga shekara ta biyu a koyon aikin jinya, har ta fara yi mana iyayi da sunayen magunguna. Kin kira ni sau huɗu tun da muka dawo, ina ganin sunanki a waya ina kifa ta. Ki yafe mini. Na san in na ji muryarki kuka kawai zan yi ta yi, ba za ki tsinci komai a maganata ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san tun rasuwar Mama cin abincin Baba ya lalace. A watan Janairu likita ta gaya mini a fili cewa in ya ƙara ramewa ba za a bar shi a gida ba, sai gidan kula da tsofaffi, inda za a riƙa ba shi abinci ta roba. Huhunsa kuma ya hana shi hawa jirgin sama, ga shi shekara goma sha ɗaya rabonsa da ƙasarmu Tonga. Da na ga tallan jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana goma sha biyu, da tsayawar yini guda a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, ga abinci safe da rana da yamma duk a cikin kuɗin tikiti, sai na ga kamar don mu aka yi shi. Na ce zai ga gida, zai sha iskar teku, kuma a cikin abinci kala ɗari ai ba za a rasa wanda zai shiga ransa ba. Ni na kawo shawarar, ni na matsa miki, kika turo kuɗin da kika tanada don gyaran rufin gidanki. Saboda haka hakkinki ne ki ji abin da kuɗin ya saya.

Yaya, abinci kam akwai shi, wannan ba ƙarya suka yi ba. A hawa na goma sha ɗaya akwai wani makeken ɗaki da kowa ke ɗibar abin da yake so da kansa, faranti ne jere har ido ya gaji. Amma ki ɗanɗana wannan ki ɗanɗana wancan, duk bakinsu ɗaya. Kaza da kifi sai dai ki bambance su da ido. Dakakken dankalin da gari aka dama shi, ƙwan safe yana kwance cikin ruwa, naman rago ya sha zafin fitila tun hantsi har ya bushe. In kina son abin kirki, akwai wasu ɗakunan cin abinci na daban, amma can sai an sake biya, ba su faɗi haka da manyan baƙaƙe a tallan ba. Na daure na kai Baba ɗaya daga cikinsu a kwana na uku. Aka kawo masa ɗan yankin kifi a tsakiyar faranti mai faɗin tire, da ɗigon miya a gefe. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Kalo, wannan ɗanɗano ne, ko abincin yana tafe?" Da ya kai baki sai ya ajiye cokali, ya ce kifin nan ya fi wata shida a ƙanƙara. Wai shi da ya yi shekara arba'in yana sana'ar kamun kifi, yau ga shi a tsakiyar teku ana ba shi kifin da ya manta kamannin ruwa.

A teburinmu na yamma an haɗa mu da wani Bature mai suna Trevor, tsohon direban babbar mota daga Dubbo, mutumin kirki amma akwai ci. Wannan ne karo na tara da ya hau irin wannan jirgin. Yakan cika faranti uku, ya ci rabi ya ture, ya ce ai an riga an biya, wanda bai ci ba shi ya yi asara. Kullum yana zolayar Baba, wai, "Tsoho, kai ne ribar kamfanin nan, ni ne asararsu, ka ci mana mu rama!" Baba ya yi murmushi ya tsoma burodi a shayi. Abincinsa ke nan har kwana shida, burodi da shayi, wani lokaci rabin ayaba. Abin da ya fi damunsa shi ne ganin ana kwashe farantai cike ana juyewa a shara. Ya tambaye ni wa ke dafa abincin nan, yana so ya gan shi. Na ce mutum ya fi ɗari a can ƙasa, ba a shiga. Ya ce to abincin da ba ka san hannun da ya dafa ba, wa za ka yi wa godiya?

Duk da haka ban karaya ba, don na san Goggo Lesieli, yayar Baba, tana jiranmu. Ranar da za mu isa, iska ta hana jirgin matsowa da wuri, maimakon ƙarfe takwas sai sha ɗaya da rabi muka sauka, kuma aka ce kowa ya dawo kafin huɗu. Finau ɗan Goggo ya ɗauke mu a motarsa zuwa ƙauyensu Kolonga. Yaya, da kin ga Baba a hanya! Yana nuna gonaki yana faɗin sunayen masu su, rabinsu sun mutu bai sani ba. Muka tarar tun asuba an haƙa ramin gasa abinci an zafafa duwatsu a ciki, Goggo da shekarunta tamanin da uku ita da kanta ta naɗe lu, naman rago da madarar kwakwa cikin ganyen gwaza, irin naɗin kakarmu. Ga doya, ga rogo, ga kifin da aka kamo da safen nan. Da aka buɗe ramin, ƙamshin ya bugo mu, na ga maƙogwaron Baba ya motsa. Wata takwas ban ga haka ba.

To amma kin san tarbiyyar su Baba. Namiji ba ya zama ya ci abinci a gaban 'yar'uwarsa mace, balle babbar yayarsa. Mu a Sydney mun saki wannan, shi bai saki ba. Da gidan yana nan kamar da, sai a kai masa nasa bayan gida ya ci shi kaɗai. Amma guguwar bara ta ɗauke rufin kicin da rumfar baya, inuwa ɗaya ta rage a gidan, gindin mangwaro, kuma nan aka shimfiɗa wa Goggo tabarma. Ita ma ba ta son ya matsa daga inda idonta yake, shekara goma sha ɗaya ba ta ga ƙaninta ba. Ya zauna can gefen tabarma, kai a sunkuye, suna hira. Kowa ya ci, har ni, Allah ya yafe mini, na ci har na ƙara. Shi ko ruwan kwakwa bai kurɓa ba. Na raɗa masa ya zo mu zaga mota. Ya ce in bari, ba a tashi a bar babba tana magana, zai ci nasa a jirgi a natse. Goggo ta sa aka cika masa kwandon ganyen kwakwa, lu shida da doya da kifi, ta ce guzurinsa ne, kada kowa ya taɓa masa.

A nan ne laifina yake, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke. Tun ranar farko na gani a takardar da suka ajiye mana a ɗaki cewa ba a shiga jirgi da dafaffen abinci daga waje. Na karanta da idona. Na ce a raina ai in suka ga tsoho da sanda za su ɗaga ƙafa, kamar yadda ake yi a jirgin ruwan tsibirin Vava'u da kowa ke hawa da kwandonsa. Da za mu koma na yi murna, na ce zai ci a mota. Sai Goggo ta ce ita ma za ta raka mu har bakin ruwa, ta shige gaba ta zauna. Baba yana baya kusa da ni, kwandon a kan cinyarsa, ya rungume shi, ɗuminsa yana ratsa rigarsa. Muna wuce Lapaha ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Kalo, yunwa nake ji." Yaya, na juya fuska waje don kada ya ga hawayena. Tun rasuwar Mama ban ji kalmar nan a bakinsa ba.

A tashar an kafa rumfa a gindin matakalar jirgi inda ake duba kaya. Masu rakiya suka tsaya a bayan shinge, bai fi taku ashirin ba, Goggo tana riƙe da ƙarfen tana kallonmu. Mai gadin ya leƙa kwandon ya girgiza kai. Ba shi da rashin kunya, har haƙuri ya ba mu, ya ce doka ce saboda lafiyar mutum dubu uku da ke ciki, in ya bari aikinsa zai tafi. Na roƙe shi, na gaya masa maganar likita, na ce ko guda ɗaya ya bari. Ya duba agogo ya ce saura minti goma sha biyar, ga kujera, Baba ya zauna ya ci a nan in yana so. Na ce Baba ga dama. Baba ya waiwaya ya ga yayarsa tana ɗaga masa hannu, ya ce a'a. Abu ɗaya ya rage, in taka zuwa shingen in ce, Goggo, don Allah juya baya na minti goma ƙaninki ya ci abinci. Taku ashirin ne kawai. Amma wa ya isa a cikinmu ya ce wa Goggo ta juya baya? Na tsaya ina lissafin abin da za a ce a Kolonga, wai 'yar Sydney ta zo ta ba yayar ubanta umarni, har lokacin ya ƙare.

Mayar mata da kwandon kuma ba zai yiwu ba, wannan ya fi zagi. Sai Baba ya ce mini, "Ke da Allah ya ba jiki, tsaya nan ki tare, buɗe lemarki." Na tsaya tsakaninsa da shingen na buɗe lema kamar rana ce ta dame ni. A bayana ya miƙa wa mai gadin kwandon da hannu biyu, na ji ƙarar faɗawarsa cikin durom ɗin shara. Sannan ya gyara rigarsa, muka hau matakala ina kare shi da lemar, da muka kai sama ya juyo ya ɗaga wa Goggo hannu yana murmushi.

Kwana biyar na komowa ba ni son tuna su. Ya daina zuwa ɗakin cin abinci sam. Trevor ya zo har ƙofarmu da faranti cike da kek, ya ce a gaya wa tsoho teburin ba daɗi babu shi. Na roƙi masu kicin ko za su dafa masa doya ko gwaza, suka ce ba su da shi, suka aiko da dakakken dankalin nan da ɗan ganye a kai. Ranar ƙarshe aka turo mana takarda wai mu faɗi yadda muka ji daɗin abinci, daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Na ninke ta na bar musu ita a kan tebur.

Ranar Talata muka je asibiti. Ya sauka kilo uku a kan na Janairu. Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ranar ashirin da shida ga wata masu gidan tsofaffi za su zo su duba shi. Na sayo ganyen gwaza a kasuwar Flemington, na naɗa lu na gasa a murhun lantarki har sau uku. Yakan ce an gode, ya taɓa da cokali, ya ce in ajiye wa Lupe. Shekaranjiya Goggo ta kira, na sa masa a kunne. Na ji tana tambaya ko gishirin ya ji, don hannunta ya fara rawa. Ya ce mata daidai yake, ya cinye duka shidan kafin jirgi ya fita daga gaɓa, kamar na mahaifiyarsu. Ta yi ta dariya tana cewa da ma ta sani abincin Turawa ne ya rame da shi, yanzu ai ya warke.

Rigar da ya sa ran nan, mai ruwan toka, madarar kwakwa ta ɗiga ta kwandon ta ɓata gabanta. Na ɗauka zan wanke, ya karɓe ya ce in bar masa. Tana rataye a jikin kujerarsa har yau. Jiya da rana na shigo da shayinsa, na same shi ya kai ta hanci, idonsa a rufe. Na koma da baya na tsaya a kicin har shayin ya huce.

Yaya, abu biyu nake roƙo. Kada ki jira Kirsimeti, ki zo kafin ashirin da shida in da hali, ko ganinki zai sa ya karɓi cokali biyu, don ni dabarata ta ƙare. Na biyu, Goggo ta ce za ta kira ki ta ba ki labarin zuwanmu. In ta tambaye ki, ki ce ya ci. Ki ce ya cinye duka.

Ki gaishe mini da Mosese, da Salote da mijinta, da ƙaramin Taniela, ki ce masa kakansa yana ajiye da hotonsa a cikin littafin waƙoƙin coci. Semisi da Lupe suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba. Ki sa mu a addu'a, Ubangiji ya haɗa fuskokinmu tun Baba yana da sauran ƙarfi.

Ƙanwarki,
Kalolaine