Ganye Ɗaya, Cuta Uku

Laraba da dare, Kura

'Yata Hadiza ta dawo daga jami'a ranta a ɓace. Manhajar da take haɗawa don gane cutar tumatir daga hoton ganye ta ƙi daidaita. Ganye yana fama da tsutsa da ƙuna da farin ƙuda, amma sai ta ambaci ɗaya ta yi shiru.

Na ce, "Ai mu manoma muka koya mata. Da kika zaga gonaki kina tambaya, wane dattijo ne zai jera miki matsalolinsa? Ɗaya zai faɗa, ya rufe da alhamdulillahi. Manhajarki ta samu tarbiyya."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, gobe mu sake duba hotunan, ka faɗa min duk abin da ka gani. Jarrabawata ta matso."

Na amsa da to, ni farfesan da ya tsaya a aji huɗu na firamare.

Ciwon gwiwa kaɗai ta san ina yi. Tun damina nake gani dishi-dishi, ba na bambance tabon ganye. In na ɓoye, ƙarya zan koya wa manhajar, yarinyar nan ta faɗi.

Gobe kafin ta kunna kwamfuta zan faɗa mata cutata ta biyu.