Cokali Guda, Sai a Jira

Litinin, 4 ga Rajab
Baba na asibiti, gadon ƙarshe, jikin taga. Ɓarin dama ya shanye, magana ba ta fita. Sistar ɗakin ta ce ba sallama sai an sami wanda ya iya ciyar da shi a gida. Yaya kullum yana hanya da tirela, Inna ga ciwon baya. Sista ta dube ni. Inna ta ce, wa? Wannan? Ai ko akuya ba a ba shi kiwo.

Talata, 5 ga Rajab
Na raɗa wa Sista suna Hana-Ruwa, don kullum gargaɗinta a kan ruwa ne. Na bi bayanta ina kwaikwayon tafiyarta, 'yan jinya suna ta ƙunshe dariya. Ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce ƙafar hagu take ja, ba dama ba, in gyara.

Alhamis, 7 ga Rajab
Ta hana Baba ruwa tsinkakke, sai mai kauri a cokali. Shi kuwa ya kafa wa gora ido tun safe, leɓe duk ya bushe. Na ce wannan ai mugunta ce. Tana fita na kafa masa gorar yana kwance.
Ya ƙware. Idanu waje, numfashi ya ƙi. Ta shigo da gudu da na'urar zuƙo ruwa daga maƙogwaro.
Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 8 ga Rajab
Na zaci korata za ta yi. Sai ta sa na kwanta rigingine a gadon da ba kowa, ta ɗura mini ruwa cokali bayan cokali. Har ta hanci ya fito.
"Kai ke nan mai lafiyayyen maƙogwaro. Nasa ya manta hanya, huhu ruwan yake tafiya."
Ta nuna mini: a zaunar da shi, filo a bayansa, haɓa ƙasa, cokali guda, a jira maƙoshi ya motsa. Daga baya na ji ta a baranda tana ce wa Inna ta bar zagina, kusan kowane gida sai an sami mai yin haka, tausayi ne ba a koya masa hanya ba.

Lahadi, 10 ga Rajab
Na fara ciyar da shi da kaina. Rabi a bakin Baba, rabi a rigata.

Laraba, 13 ga Rajab
Na yi wa Baba muryar likita. Ya yi dariya da rabin baki! Sista ta ce in riƙa yi, motsa fuska magani ne. Yau dai shaƙiyanci ya sami lasisi.

Asabar, 16 ga Rajab
An sallame mu. Yaya ya dawo da yamma, ko takalmi bai cire ba ya ɗauki kofi ya nufi Baba. Na riƙe masa hannu.
"Zaunar da shi tukuna. Cokali guda, sai ka jira."
Inna ta fashe da dariya, wai ga Hana-Ruwa ta biyo mu gida. Na ƙyale ta a haka.
Ni dai na san ban ja ƙafa ba.