Muryata a Darasin Tumatir

Laraba da dare, Maris 2008

Yau Anti Rabi, malamar gona daga Kura, ta zo makarantarmu da kwamfutarta. Darasin shanya tumatir take haɗawa, za a sa a intanet don malaman gona na Nijar da Gana su saurara, su koya wa mata. Murya take nema, ta zaɓe ni.

Da farko na karanta kamar mai labaran rediyo. Ta yi dariya ta ce, "Ki ɗauka Innarki kike hanawa shanya a ƙasa." Sai bakina ya sake.

Amma ba za ta sa ba sai Baba ya yarda. Na same shi yana wanke lakar ƙafarsa, dawowarsa ke nan daga ban ruwa. Na faɗa masa, kaina a sunkuye. Sai ya ce, "Kin gaishe su kafin ki fara?"

Ban gaishe su ba. Ya ce gobe in koma in gyara, 'yarsa ba ta shiga gidan mutane babu sallama.

Ina kwance ina ta tunanin wata mata can nesa, za ta amsa mini sallama ban ma sani ba.