Mai Askin da Yake Yawan Faɗowa

Zuwa ga Marikit, farin watana, ruwan kwakwa mai sanyi a tsakar rana, shirwar da ke shawagi a saman garinmu Marikina tana tsaron mutanen gari, ni kuwa ta bar ni a ƙasa da zulumi.

Ina fatan ciwon bayan da kika samu wurin ɗaga motar siminti ya yi sauƙi. Man zafi na wajen mahaifiyarki, Aling Pacita, ki daure ki shafa. Mayafin tashinki ma na karɓo daga wurin tela, ya ce don Allah ki rage ratsawa ta cikin wayoyin lantarki.

Kin tuna ranar da kogi ya yi ambaliya, ina tsugune a kan rufin motar hayata, ruwa na lasar ƙafata? Kika sauko daga cikin hadari, kika saɓa ni a kafaɗa kamar buhun shinkafa, kaina a ƙasa, kika dire ni a harabar coci ba ko sannu. Tun ranar zuciyata ba ta koma mazauninta ba. Wace mace ce za ta juya wa namiji duniya haka, ya kuma ce ya gode?

Amma, hasken idona, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma sunansa Delfin mai aski.

A daminar nan kaɗai, ya faɗa kogi, ya maƙale a kan allon talla, ya zamo daga rufin kasuwa, kuma kowane karo ke kike tare shi. Ni fa direba ne, na san yadda mai tsautsayi yake kama. Wa ya taɓa faɗawa kogi da tajajjen gashi da farar riga mai guga? Me mai aski yake nema a saman allon talla, kan wa zai aske a can? Sannan na ga hotonku a wayar wata fasinja: a hannu biyu kika ɗauko shi, kamar jariri, yana murmushi. Ni buhun shinkafa, shi jariri! Ranar da kika dawo muka zauna cin dafaffen naman nan, adobo, mayafinki ƙamshin man gashinsa yake, na ture kwanon gefe.

Shekaranjiya haƙurina ya ƙare, na je shagonsa. Kuskurena ɗaya, na yarda na zauna a kujera. Sai da ya ɗora mini aska a wuya sannan na tambaye shi dalilin yawan faɗuwarsa. Ya yi dariya ya ce, "Kuya Crispulo, babban yaya, ni santsi ke bi na. Amma ka tausaya mini, daga sama har ƙasa zancenka take. Wai tana iya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya, amma ta kasa sa ka buɗe baki ka nemi aurenta."

Na fito da rabin gemu, ina jin kunya da daɗi a haɗe. Amma kafin in kai bakin titi wani zargin ya taso. Anya ba haɗa baki kuka yi ba? Anya ba ke kike ce masa ya hau ya saki jiki, don kishi ya zaburar da ni? Ko kuwa shi ne ya ƙirƙiri maganar don ya tsira da haƙoransa? Na juya ta ta kowace fuska, ban ga inda na fita da wayo ba.

To, in tarko ne, ya kama. Ranar Lahadi bayan coci zan zo da iyayena gidanku, mu nemi aurenki wurin Aling Pacita. Ina roƙonki, ki shigo ta ƙofa, mahaifiyata na da hawan jini, ba za ta jure ganin suruka ta taga ba. Kuma duk wanda ya faɗo ranar, a bar wa 'yan kwana-kwana, su ma albashi suke ci.

Ke da kike jin kukan jariri daga tsallaken kogi, ki karkato kunnenki wajen tashar mota. Wannan bugun da kike ji kamar tsohon inji, ƙirjina ne, ba gobara ba ce, kada ki taso. Ki dai shirya amsa.

Naki har ƙasa ta rufe mini ido, ko da zargi ko babu,
Crispulo